Kafin Likitan Dasashi Ya Iso Birnin Kudu: Tarihin Tantance Masu Koyar da Likitoci

A ƙidayar jama'a ta 2006, Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu tana da mutum fiye da 300,000, maƙwabciyarta Gwaram kuma fiye da 270,000. Tun daga lokacin jama'a ta ƙaru ƙwarai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna fama da ciwon dasashi mai tsanani. Ko da a kudancin Jigawa abin bai kai haka ba, lissafin zai tsaya ne a kan dubban mutane: waɗanda dasashinsu ke zubar da jini in sun yi asuwaki, waɗanda haƙoransu suka fara girgiɗa tun ba su kai shekara 50 ba, da waɗanda tuni suka koma tauna da gefe guda. Da yawansu sun ɗauki abin a matsayin tsufa, ba su taɓa jin cewa akwai likitan da wannan ne fanninsa ba.

Akwai shi kuwa. A cikin likitocin haƙori akwai waɗanda suka ƙware a kan dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙori. Kafin a kira mutum da wannan suna a Najeriya, sai ya yi shekara 6 a jami'a, shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, shekara guda ta yi wa ƙasa hidima, sannan shekara 5 zuwa 6 ta horon ƙwarewa. Ban da shekarar hidimar ƙasa, kowane mataki sai an yi shi a wurin da wata hukuma ta ziyarta, ta duba, ta sa hannu cewa ya cancanci koyarwa. Wannan ziyara ita ake kira tantancewa. Ba a cika jin labarinta ba sai ranar da ta hana wasu ɗalibai kammala karatu, amma ita ce ke yanke inda za a horar da ƙwararru, kuma inda aka horar da mutum galibi nan yake zama. Tarihinta ya fi na jami'o'inmu tsawo.

Ciwon da ba ya yin kuka

Haƙori ba a dashe yake kai-tsaye cikin ƙashin muƙamuƙi ba. Tsakaninsu akwai siraran zaruruwa masu ɗaure saiwarsa da ƙashi, dasashi kuma ya lulluɓe su. Idan ba a goge baki da kyau ba, ƙwayoyin cuta sukan taru a gindin haƙori su yi wata yauƙi mai manne wa, in ta daɗe ta daskare ta zama kamar dutse, wadda asuwaki ko buroshi ba sa iya cire ta. Dasashi ya kumbura, ya riƙa jini. A wannan mataki ana iya warkewa sarai. In abin ya zarce, sai dasashin ya rabu da haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, ƙashin da ke ƙasa ya fara zaizayewa. Likita yana auna ramin da wani siririn ƙarfe mai alamun awo: milimita 1 zuwa 3 lafiya ce, daga 4 an shiga matsala, 6 zuwa sama kuwa ciwo ya yi nisa. Ƙashin da ya zaizaye ba ya komawa yadda yake da kansa. Abin da ya sa ciwon ke yaudarar mutane shi ne yawanci ba ya zafi, sai haƙorin ya kusa faɗuwa.

Magabata sun san shi. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya zana a littafinsa at-Tasrif jerin ƙarafan kankare dauɗar da ta daskare a haƙori, ya kuma bayyana yadda ake ɗaure haƙoran da suka yi sako-sako da zaren zinariya ko azurfa. A ƙasar Hausa, asuwaki ya zo da ƙarfin addini da na al'ada, ana yin sa da itacen ƙirya, marke ko darbejiya. In haƙori ya gagara, wanzami ake nema ya cire shi.

Mayar da wannan sani fanni mai zaman kansa aikin ƙarni na 20 ne. A 1914 wasu mata biyu likitocin haƙori a Amurka, Gillette Hayden da Grace Rogers Spalding, suka jagoranci kafa ƙungiyar masana dasashi, kuma a 1947 aka amince da fannin a matsayin ƙwarewa ta musamman a ƙasar. Hujjar kimiyya mai ƙarfi ta zo a 1965 daga birnin Aarhus na Denmak, inda Harald Löe da abokan aikinsa suka sa mutum 12 masu lafiyayyen baki su daina goge haƙori. Cikin kwana 10 zuwa 21 dukkansu dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya warke cikin kusan mako guda. Daga baya Löe ya bi ma'aikatan gonakin shayi a Siri Lanka, waɗanda ba su taɓa ganin likitan haƙori ba, har tsawon shekara 15. Sakamakon da aka buga a 1986 ya nuna kashi 8 cikin 100 ciwon ya cinye su da sauri, kashi 81 yana tafiya da su a hankali, kashi 11 kuwa bai wuce kumburin dasashi ba. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, za su yi mana amfani idan muka dawo Gwaram.

Daga jarraba mutum zuwa jarraba makaranta

Tambayar wa ya ba wane izinin taɓa jikin mutane tsohuwa ce. A shekara ta 931, bayan wani mara lafiya ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, Halifa al-Muƙtadir ya umarci shugaban hisba ya hana kowa yin aikin likita sai wanda Sinan bin Sabit ya jarraba ya ba shi takarda. Masana tarihi sun ce waɗanda aka jarraba sun haura 860. A zaurukan malamanmu akwai ijaza, wadda malami ke bai wa almajiri izinin karantar da littafin da ya sauke a gabansa, tare da jerin malaman da ilimin ya biyo ta hannunsu. A fadar sarki kuma akwai Sarkin Aska, shugaban wanzamai, wanda ake kai wa ƙara idan ɗan sana'a ya yi ɓarna. Duk waɗannan hanyoyi mutum suke dubawa, ko malaminsa.

Abin da zamani ya ƙara shi ne duba makarantar kanta. A 1910 Gidauniyar Carnegie ta buga rahoton Abraham Flexner, wanda malamin makaranta ne, bai karanta likitanci ba. Ya ziyarci makarantun likita 155 a Amurka da Kanada, yana tambayar abubuwa masu sauƙi: wa ake ɗauka, su wa ke koyarwa, daga ina kuɗi ke fitowa, akwai ɗakin gwaje-gwaje, akwai asibitin da ɗalibai ke ganin marasa lafiya? Ya tarar da yawa kasuwanci ne kawai na sayar da takardar shaida. Cikin shekaru 25 kusan rabinsu sun rufe ko sun haɗe da wasu. A 1926 gidauniyar ta buga irin wannan rahoto a kan makarantun haƙori, wanda William Gies na Jami'ar Kolombiya ya shafe shekara 5 yana haɗawa. Gies ya ce koyar da haƙori ya koma cikin jami'a, ya tsaya a kan kimiyya daidai da likitanci, a kuma ware horo na gaba da digiri ga masu son ƙwarewa. Tsarin da ake horar da likitan dasashi a yau jikan wannan rahoto ne.

Sai dai gyaran Flexner ya zo da hasarar da aka daɗe ba a faɗa ba. A lokacin akwai makarantun likita 7 na baƙaƙen fata a Amurka, 2 kaɗai suka tsira, Howard da Meharry. Makarantun mata da na yankunan karkara su ma da dama sun rufe. Likitocin da aka yaye bayan haka sun fi na da ilimi, amma sun yi ƙaranci, sun yi tsada, kuma sun taru a manyan birane. Ma'auni ɗaya aka ɗora wa mai hali da mara hali, ba a ba mara halin abin da zai kai ma'aunin ba. Duk wanda zai yi maganar tantancewa a Arewacin Najeriya yana bukatar ya riƙe ɓangarorin nan biyu tare.

Yaba, Ibadan da Kano

A Najeriya, rigimar takardar shaida ta riga 'yancin kai. A 1930 Turawan mulki suka buɗe makarantar likita a Yaba, Legas. Ɗalibanta suna yin shekaru suna karatu mai wuya, amma in sun gama mataimakan likita ake kiransu, albashinsu bai kai na waɗanda suka karanta a Ingila ba, takardarsu kuma ba ta aiki a wajen ƙasar. Fushin da 'yan boko suka yi kan ƙasƙancin takardun Babbar Kwalejin Yaba shi ya haifar da Ƙungiyar Matasan Legas a 1934, wadda ta zama Ƙungiyar Matasan Najeriya a 1936, ɗaya daga cikin tushen gwagwarmayar neman 'yanci. Wato tun farko, maganar wa ya amince da karatunka magana ce ta siyasa.

Da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, sai aka bi wata hanya. An ɗaura ta da Jami'ar Landan: Landan ke amincewa da manhaja, ta sa ido a jarrabawa, ta ba da digiri. Da yake ba a sami asibitin da ya kai matsayin koyarwa a Ibadan ba, ɗaliban farko a can Ingila suka ƙarasa shekarunsu na asibiti, har aka gina Asibitin Koyarwa na Ibadan aka buɗe shi a 1957. A 1960 aka yaye rukunin farko da suka yi karatunsu gaba ɗaya a gida. A nan, rashin cika sharaɗi ya zama dalilin gina asibiti, kuma babbar jami'a ta goya ƙarama har ta iya tafiya.

Arewa ta shigo wannan fage a makare. Dokta Russell Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, a Birmingham ta Ingila ya yi karatu. Abin da En'e-En'e suka fi samu shi ne ma'aikatan dispensare da malaman tsafta. A tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe makarantar likita a Kano don ta rage giɓin, amma ba ta yi tsawon rai ba. Sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe tsangayar likitanci.

A fannin haƙori tazarar ta fi haka faɗi. Jami'ar Legas ta fara koyar da shi a tsakiyar shekarun 1960, ta yaye rukunin farko a 1971. Ibadan, Ife da Benin suka biyo baya a shekarun 1970. Dukkansu huɗu suna kusurwa guda ta ƙasar. Arewa ba ta sami makarantar likitocin haƙori ba sai da aka shiga ƙarni na 21, lokacin da Jami'ar Maiduguri ta fara, Jami'ar Bayero ta Kano ta bi sahu tare da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Shekaru fiye da 30 ke nan ɗan Gwaram da ke son wannan sana'a sai ya ƙetare Kwara. Malaman da za su koyar a sababbin makarantun Arewa kuwa, dole daga waɗancan tsofaffin makarantu aka fara samo su.

Ƙofofi uku

A yau ƙofa uku ake wucewa, kowace da mai gadinta. Ta farko ita ce Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, wadda aka kafa a 1962, dokar soja ta 16 ta 1985 ta ba ta ikon shimfiɗa mafi ƙarancin ma'aunin karatu, ta kuma fara zagayen tantance kwasa-kwasai a 1990. Hukuncinta iri uku ne: cikakkiyar amincewa ta shekara 5, ta wucin gadi ta shekara 2, ko hanawa, wadda ke nufin a daina ɗaukar sababbin ɗalibai.

Ta biyu ita ce Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, wadda asalinta ke komawa dokar 1963, aka sake mata fasali a 1988. Ita ke riƙe da rajistar likitoci, ita ke ba da lasisi, kuma ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Jami'a na iya ba mutum digiri, amma in majalisar ba ta rantsar da shi ba, ba shi da ikon taɓa bakin kowa. Haka ɗaliban da gwamnatin Jigawa ta tura karatun likita ƙasashe irin su Sin da Sudan, sai sun ci jarrabawar wannan majalisa kafin su fara aiki a gida. Abin da ya faru a Jami'ar Kalaba a 2025 ya nuna nauyin wannan ƙofa: tsangayar haƙori ta ɗauki ɗalibai ninkin-ba-ninkin guraben 10 da aka ba ta a shekara, majalisar ta ƙi rantsar da waɗanda suka kammala, ɗaruruwan ɗalibai suka shiga halin rashin tabbas. Hukumar jami'a ce ta karya ƙa'ida, ɗalibai da iyayensu suka ɗauki hasarar.

Ƙofa ta uku ita ce ta ƙwarewa, kuma a nan Najeriya ta bambanta da Amurka, inda horon ke hannun jami'o'i. A wajenmu asibitin koyarwa ne ke horarwa, kwalejoji biyu ke tantancewa da jarrabawa. Ɗaya ita ce Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda dokar soja ta 67 ta 1979 ta kafa. Ɗayar ita ce Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda ta faro a matsayin ƙungiya a Ibadan a 1960. Kowacce tana da sashen haƙori. Kafin a kafa su, likitan Najeriya da ke son ƙwarewa sai ya tafi Landan, Edinbura ko Gilasgo. Mai neman ƙwarewa yana cin jarrabawar share fage, ya yi shekarun farko yana zagaya rassan haƙori da wasu sassan asibiti, ya ci jarrabawar kashi na ɗaya, sannan ya tsaya a kan dasashi kaɗai, ya rubuta kundin bincike, ya kare shi a jarrabawar kashi na biyu.

Idan tawagar kwaleji ta zo asibiti, abin da take nema ba ɓoyayye ba ne. Ƙwararru nawa ne a sashen, kuma na dindindin ne ko masu leƙowa? Ɗalibai nawa kowannensu zai iya kula da su? Kujerun aikin haƙori nawa ne, nawa ke aiki a ciki? Akwai na'urar ɗaukar hoton haƙori da muƙamuƙi, da tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aiki, da wuta da ruwan da za su tafiyar da su? Marasa lafiya nawa ake gani, kuma ciwonsu ya bambanta yadda ɗalibi zai ga mai sauƙi da mai wuya? Sukan buɗe littafin da kowane ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi da sa hannun malaminsa, su duba jadawalin darussa, su kuma keɓe da ɗaliban ba tare da shugabanninsu ba. Daga nan a ba da cikakkiyar amincewa, ko ta ɗan lokaci tare da jerin gyare-gyare, ko a hana, a kuma faɗi yawan ɗaliban da sashen zai iya ɗauka.

Raunin tsarin ma sananne ne ga duk wanda ya yi aiki a babbar makaranta a ƙasar nan. Ana sanar da ranar zuwa tun da wuri, sai a yi fenti, a aro kayan aiki, a gayyato malamai daga wata jami'a su zauna a ofis na kwana uku. Tawaga ta tafi, kaya su koma inda aka aro su. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma a nan wanda katararsa ke buɗe shi ne mara lafiyar da zai zauna a gaban likitan da bai taɓa yin aikin da takardarsa ta ce ya iya ba. Ga kuma matsalar kuɗi. Dokar Horon Ƙwarewar Likitoci ta 2017 ta tanadi asusu na musamman, amma jinkirin biyansa yana cikin dalilan da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ke yawan tafiya yajin aiki. Sashe na iya samun amincewa da ƙwararru uku, kafin zagaye na gaba biyu sun tafi Saudiyya ko Ingila.

Abin da ya sa Arewa ta fi bukata

Mai karatu na iya cewa, a yankin da mata ke mutuwa wajen haihuwa, yara na mutuwa da zazzaɓin cizon sauro, ina ruwan wani da dasashi? Amsa biyu ce.

Ta farko ita ce cutar noma. Sunan ba shi da alaƙa da noman gona, daga Girkanci ya fito, da ma'anar cinyewa. Tana kama yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi. Tana farawa ne da gyambo a dasashi, mai jini da wari, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci ta cinye leɓe, hanci, har ƙashi. In ba a yi magani ba, har kashi 90 cikin 100 na iya mutuwa, waɗanda suka rayu kuma su rayu da fuskar da ke sa a ɓoye su a ɗaki. A matakin dasashi kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Farfesa Cyril Enwonwu ya fara nuna alaƙar gyambon dasashi da yunwa a yaran Najeriya tun farkon shekarun 1970, daga baya ya yi bincike a yankin Sakkwato, inda aka buɗe asibitin yara masu noma a 1999. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa cutar cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a watan Disamba 2023. Tsakanin yaron da zai warke da wanda zai rasa fuskarsa, sau da yawa ma'aikaciyar lafiya ce da aka koya wa ta ɗaga leɓen yaro ta duba.

Ta biyu ita ce ciwon suga, wanda ke ƙaruwa a garuruwanmu. Tun 1993 Löe ya kira ciwon dasashi matsala ta shida cikin waɗanda suga ke haifarwa. Abin yana tafiya ta fuska biyu: suga yana tsananta ciwon dasashi, kumburin dasashi kuma yana wahalar da saukar suga. Bincike da dama da aka tattara sun nuna cewa kankare dauɗar ƙarƙashin dasashi yana rage ma'aunin suga na dogon zango da kusan kashi 0.4 cikin 100 a 'yan watanni. Wannan ragi ne da likitocin suga ke ɗauka da muhimmanci.

Komawa kudancin Jigawa

Birnin Kudu ba baƙon ilimi ba ne. Kwalejin Gwamnati da ke garin ta yaye fitattun mutane, ciki har da Aliko Ɗangote. Akwai kwalejin koyon aikin jinya, wadda ita ma take ƙarƙashin tantancewar majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, irin asibitocin da gwamnatin tarayya ta kafa a jihohin da ba su da asibitin koyarwa, kuma nan ne marasa lafiya daga Gwaram, Buji da maƙwabtan garuruwan Jihar Bauchi ke nufa idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti. A Dutse akwai Jami'ar Tarayya tun 2011, Asibitin Rasheed Shekoni kuma ya zama asibitin koyarwarta. Jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta tara harsashin da ba ta da shi a da.

Amma ƙa'idar tantancewa tana da wani ƙulli. Ba a amince wa sashe ya horar da ƙwararru sai yana da ƙwararrun da za su koyar, su kuma ba a samunsu sai daga sashen da aka riga aka amince da shi. Matashin likita daga Gwaram zai tafi Kano, Ibadan ko Legas yana ɗan shekara 28 ko 30, ya yi shekara 6, ya yi aure, 'ya'yansa su shiga makaranta, asibitin da ya horar da shi ya yi masa tayin aiki. Dawowarsa ta zama sai an yi sa'a. Likitocin haƙori a Najeriya 'yan dubbai ne ga mutum fiye da miliyan 200, masana dasashi kuma kaso ne ƙanƙani a cikinsu.

Akwai masu ganin mafita ita ce a sassauta ma'auni ga yankunan da aka bari a baya. Tarihin Yaba ya riga ya nuna ƙarshen wannan hanya: takarda mai daraja ta biyu, ga jama'ar da aka ɗauka masu daraja ta biyu. Tarihin Flexner kuma ya nuna abin da ke faruwa in an tsaurara ma'auni aka bar mara ƙarfi ya ji da kansa. Darasin da ya fi dacewa da Jigawa shi ne na Ibadan da Landan. Asibitin da ke da amincewa, kamar na Malam Aminu Kano, yana iya goya na Birnin Kudu ko na Dutse a rubuce: ɗalibai su yi wani ɓangare na horonsu a can ƙarƙashin kulawar malamansu, ƙwararru su riƙa zuwa a kan jadawalin da kwaleji ta sani, jiha ta ɗauki nauyin 'ya'yanta da sharaɗin dawowa, ta kuma tanadi kujera, kayan aiki da gidan zama kafin su dawo. Da ƙwararru biyu ko uku da suka zauna, sashe zai iya neman tantancewa da kayansa na kansa. Aiki ne na shekara 10, ya fi wa'adin gwamna guda, shi ya sa ba a cika sa shi a alkawarin yaƙin zaɓe ba.

A nan alƙaluman Siri Lanka ke da amfani. Idan kusan mutum ɗaya cikin goma ne ciwon ke ci da sauri, to mafi yawan jama'a ba tiyatar dasashi suke bukata ba. Bukatarsu a kankare musu haƙora a kan kari, a nuna musu yadda asuwaki ko buroshi zai kai gindin haƙori, a auna ramin dasashinsu don a gane wanda za a tura gaba. Wannan aikin jami'an kula da tsaftar baki ne, waɗanda ake horarwa a kwalejojin kimiyyar lafiya cikin shekaru kaɗan, kuma suna da hukumar rajistarsu tun 1993. Manufar lafiyar baki ta ƙasa da aka ƙaddamar a 2012 ta yi alkawarin shigar da wannan aiki cikin cibiyoyin lafiya na matakin farko. Amfanin ƙwararre guda a Birnin Kudu shi ne ya karɓi masu tsananin ciwo, ya koyar da waɗannan jami'ai, ya riƙa bin aikinsu a Gwaram da ƙauyukanta, ya kuma tattara alƙaluman da za su nuna girman matsalar a yankin.

Akwai abin da masu karanta wannan shafi za su iya yi, musamman 'yan majalisa, 'yan jarida da ƙungiyoyin ci gaban gari. Rahoton tantancewa yakan zo da jerin abubuwan da aka ce a gyara da wa'adin gyara su, amma yawanci a aljihun tebur yake ƙarewa, jama'a sai dai su ji an yi walimar samun amincewa. Ana iya neman a bayyana jerin. Ana iya tambayar kujerun aikin haƙori nawa ke aiki a asibitocin jihar wata shida bayan tafiyar baƙi, likitocin haƙori nawa jihar ke ɗaukar nauyin horonsu a yanzu, a wane fanni, da kuma shekarar da ake sa ran dawowarsu. Uban da zai biya wa 'yarsa kuɗin karatun haƙori shi ma yana da haƙƙin ya tambayi jami'a, kafin ya biya, ko MDCN ta amince da kwas ɗin da kuma guraben da ta ba ta, domin majalisar tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su da adadin ɗaliban kowacce.